A duba hanyoyin ƙauye kafin a kafa manyan gidaje

Ranka ya daɗe Edita,

 Ina roƙon fili in yi tsokaci kan yadda birnin Kano yake faɗaɗa zuwa gonakin Kumbotso, Ungogo da Dawakin Tofa. Tun bayan gina rukunin gidajen Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo, masu hali suka duƙufa wajen yanka filaye, suna kafa gidaje da wuraren shaƙatawa. Ba ma ƙin ci gaba, amma hanyoyin ƙauyuka suna ji a jikinsu.

An yi hanyoyin nan ne don amalanke, babura da ƙananan motocin da ke kai amfanin gona kasuwanni irin su Dawanau. Yanzu tifofin yashi da dutse da tankokin ruwa ke bin su dare da rana. Da damina su farfasa hanya har ruwa ya kwanta, da rani ƙura ta turnuƙe gidaje. Yara 'yan makaranta da dabbobi ba su da gefen rakuɓewa, kuma idan an gama gini sai motocin mazauna da na masu biki su ƙaru.

Tun 1992 Najeriya take da dokar da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka ga muhalli. Ina kira ga hukumar tsara birane ta KNUPDA da kada ta amince da irin wannan gini sai mai shi ya ɗauki nauyin gyaran hanya da magudanan ruwa. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta ƙayyade wa tifofi lokaci da gudu, a kuma tuntuɓi dagatai da masu unguwanni tun farko.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Dawakin Tofa, Jihar Kano.