Kwanon Dussa da Kututturen Gona



Kowane mai kiwo ya san wannan. Ranar farko da ka ba tunkiya dussa, sai ta ɗanɗana sannan ta san daɗinta. Bayan ƴan kwanaki, ƙarar kwano kaɗai za ta ji ta sheƙo da gudu. In ka riƙa buga kwano babu komi ciki, sai ta daina zuwa. Mu ma mutane haka ƙwaƙwalwarmu take koyo.

Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya gwada abin da birai, shi da abokan aikinshi suka bayyana shi a 1997. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin. In biri ya samu ruwan zaƙi ba zato, sai sinadarin ya tashi. In ya saba ana kunna fitila kafin a ba shi, to ganin fitilar ne ke tada shi. In aka kunna fitila aka hana shi, sai sinadarin ya faɗi. Wato ƙwaƙwalwa tana auna abin da ta sa rai da abin da ta samu. Da wannan awo take cewa "ƙara yi" ko "bari".

Wasu masana biyu, Kahneman da Tversky, sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba. Wanda jika guda ta ɓace mashi, ɓacin ranshi ya kusa ninka murnar wanda ya tsinci jika guda.

Mun ga wannan a gonakin jihar Maraɗi. Da can, manomi na ƙwarai shi ne mai share gona tas. Ana tsoron inuwa da tsuntsaye su rage hatsi. Tsoron asara ke nan. A 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa tohon da muke sarewa kowace bazara kututturen itace ne mai rai. In aka bar reshe kaɗan aka gyara su, sai ya koma itace. Shi ne sassabin zamani.

Da farko mutane kaɗan suka yarda. Lokacin yunwar 1984 aka ce wanda ya bar itatuwa cikin gonarshi za a ba shi abinci. Dubban manoma suka bari. Da rabon abinci ya ƙare, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Kwano ya daina ƙara, tunkiya ta daina zuwa.

Amma waɗanda suka yi haƙuri sun ga wata riba daga gonar kanta. Mata sun samu itacen girki kusa da gida. Bisashe sun samu ganye da ƴaƴan gawo da rani. Iska ta rage binne shuka da rairayi. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka kwaikwaya ba wanda ya biya su. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, har da mata da makiyaya ciki. Bayan shekara 20, masu bincike sun ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ga abin lura. Ribar da ke zuwa yau, ƙwaƙwalwa tana kama ta nan take. Ribar itace kuwa sai bayan shekara 2 ko 3, shi ya sa take mantawa. Sai mu taimake ta. Bana, daga Gazawa har Gidan Rumji, kowa ya ƙidaya kututturen da ya bari, ya rubuta a littafinshi. Da kaka ya rubuta damman da ya ɗaure. Ya rubuta kuɗin itacen da ya sayar. Baɗi ya buɗe littafin ya gwama da na bana, kafin ya ɗauki gatari.

Yaron da ya gyara reshe da kyau, a yaba mashi nan take, kar a bari sai gobe.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.