Masu Gida a Gidan Maƙwabci

Cikin watan Oktoba na 2025 wani ciwo ya kama samari da magidanta da yawa a ƙasar Hausa, irin wanda ba a sayar da maganinsa a kasuwa. Shi ne ciwon masu goyon bayan kulob ɗin tamaula na Kano Pillars, wanda ake yi wa kirari da Masu Gida. Ciwon nan bai tsaya a birnin Dabo ba, ya biyo motocin fatake har Zuru. Dalili kuwa, a kakar wasa ta 2025 zuwa 2026, cikin kulob 20 na babbar gasar Nijeriya babu ko ɗaya daga Jihar Kebbi, ko Sakkwato, ko Zamfara. Saboda haka mai son tamaular gida a wannan yanki tilas ya ari kulob ɗin maƙwabta, kuma mutane da dama Pillars suka ara, musamman waɗanda ke saro kaya a Kantin Kwari da Kurmi.

Watakila wani malami ya ce, mene ne na ɓata tawada a kan wasan yara? Amsa ita ce, abin da ke fasa wa mutum kai, ya cinye miliyoyin Naira daga baitulmali, ya kuma hana mai talla cinikin yini, ya wuce wasan yara. Waɗanda ke cika fili da gidajen kallo kuwa ba aljannu ba ne, 'ya'yan malamai ne da almajiransu, da yaran 'yan kasuwa masu jiran shago.

Ga yadda al'amarin ya gudana. Ran 12 ga Oktoba, 2025, Pillars ta karɓi baƙuncin Shooting Stars ta Ibadan a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Masu Gida suna gaba da ci ɗaya, har mutane sun fara kakkaɓe riguna za su tashi, sai baƙi suka rama a ƙurarren lokaci, aka tashi kunnen doki. Nan take waɗansu 'yan kallo suka tsallaka cikin fili, suka auka wa alƙalan wasa da 'yan wasan Ibadan. Hukumar gasa ba ta yi jinkiri ba. Ta zare wa Pillars maki 3 da ƙwallo 3, ta ci ta tarar Naira miliyan 9 da rabi, ta hana ta wasa a filinta, ta ce ta riƙa karɓar baƙinta a Katsina. Ana cikin wannan jinya kuma sai ga karon 'yan gari ɗaya, Pillars da Barau FC, kulob ɗin Sanata Barau Jibrin, wanda aka kafa a 2024, ya hau babbar gasa a 2025. Ɗan jiya-jiya ya kayar da dattijo. Wannan ita ce ta fi cin ran mai goyon baya, gama wanda baƙo ya kayar yana iya komawa gida ya rufe ƙofa, amma wanda ɗan unguwa ya kayar, da safe zai gamu da mai dariya a wurin mai shayi, da azahar a bakin shago, da dare a majalisa.

Kada kowa ya raina wannan baƙin ciki, yana da asali. An kafa Pillars a 1990, aka haɗa kulob uku na Kano, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North, suka zama ɗaya. Ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sa'an nan ta ɗauke shi sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali kuwa a lokacin Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta yi ta ratsawa har zagayen kusa da ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. Daga 2003 zuwa watan Agusta na 2015, shekara 12 ke nan, wasa fiye da 200, babu baƙon da ya ci ta a gidanta cikin gasar ƙasa, sai da Nasarawa United ta zo ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1. Yaron da aka haifa a farkon wannan zamani ya yi nisa a karatun allo bai taɓa jin an ce an ci Pillars a gida cikin gasar ƙasa ba. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, bayan ta rinjayi Niger Tornadoes da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wanda ya saba da wannan, ya wayi gari ya ga kulob ɗinsa a gindin jeri, lalle ba a ce masa kada ya ji zafi ba.

Amma fa zafi daban, hisabi daban. Masu karatun wannan shafi mutanen lissafi ne, to, a ɗauko allo a buga. A ƙa'idar gasa, wanda ya ci yana da maki 3, kunnen doki maki 1, wanda aka ci ba shi da kome. A ranar Shooting Stars 'yan wasa sun samo maki 1. 'Yan kallo suka sa aka zare 3. Ya zama an fita daga fili da bashin maki 2. Da a ce baƙi sun ci wasan ɗungum, kowa ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida shiru, da hasarar ba ta kai haka ba. Watau mai jifa ya yi wa kulob ɗinsa ɓarnar da abokin gaba, ko da ya zuba ƙwallo goma, ba shi da ikon yi. Wane ɗan kasuwa ne zai ga riba ta yi kaɗan, ya ce don haushi bari ya cinna wa rumfar wuta?

Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A watan Yuni na 2019, a filin Agege na Ikko, wajen wasannin fid da zakara, an yi irin wannan rikici bayan karawa da Rangers ta Enugu, aka ci Pillars tarar Naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali. A watan Afrilu na 2022 kuma Katsina United ta zo Kano. A lokacin Pillars ta daɗe tana karɓar baƙi a Kaduna, mutanen gari suna ta ɗokin dawowarta. Ba a ƙare wasan ba sai da rikici ya tashi, aka farfasa motar Katsinawa. Hukunci ya biyo baya: maki 3, tarar Naira miliyan 9, da komawa Abuja da wasa. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗi daga babbar gasa, kuma ta faɗi tare da Katsina United ɗin, kamar 'yan kokawa biyu da suka riƙe wuyan juna a bakin rijiya. Su biyun suka hawo tare a 2023. A tara tarar nan uku, 8 da 9 da 9 da rabi, za a sami Naira miliyan 26 da rabi cikin shekara shida, ban da kuɗin ƙofa da aka rasa, ban da kuɗin mota da masauki. Kulob ɗin na Gwamnatin Jihar Kano ne, saboda haka tarar daga aljihun talaka mai biyan haraji take fita, har da wanda bai taɓa taka Ƙofar Mata ranar wasa ba.

Abin da ya fi ban mamaki cikin hukuncin 2025 shi ne wurin da aka tura su. Mutanen da aka fasa wa mota a 2022, su ne aka je aron filinsu bayan shekara uku. Masu Gida suka zama baƙi a filin Muhammadu Dikko, tafiyar mil 100 da ɗoriya daga Kano. A gasar Nijeriya kuwa kowa ya sani gida shi ne jari, cin wasa a waje abu ne mai wuya, kulob yana tara mafi yawan makinsa a gaban mutanensa ne. Wanda aka raba da gidansa, an raba shi da uwar kuɗinsa. Mai rake da mai gurasa da mai ruwan sanyi da ɗan adaidaita sahu, waɗanda ke jiran ranar wasa don su kashe wutar gabansu, su ma an ci su tara ba tare da an kira su gaban alƙali ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba daidai ba ne a ɗora wa 'yan kallo laifi duka, a bar manya. A watan Yuni na 2022, wata biyu kacal bayan abin da ya sami Katsinawa, shugaban kulob ɗin na wannan lokaci da kansa ya kai wa mataimakin alƙali hannu a wasa da Dakkada, har hukumar gasa ta kore shi daga harkokinta. In liman ya yi rafkanwa, ina laifin na sahun baya? Daɗa kuma kulob ɗin gwamnati yana da wata cuta da 'yan kasuwa za su gane da sauri: dukiyar da ba ta da mai ita guda ɗaya. Gwamnati ta canja, shugabanni su canja. Wasa uku ya ɓaci, a nemi mai koyarwa a ɗora masa. Ba a buga lissafin shiga da fita kowa ya gani. Su ma alƙalan wasa, ƙorafin da ake yi a kansu a ko'ina cikin ƙasa ba duka ne ƙarya ba, kuma hukumar da ke saurin hukunta mai jifa ya kamata ta yi saurin hukunta mai busa usur ɗin son zuciya, a kuma shelanta. A watan Yuli na 2025 an naɗa Ahmed Musa babban manajan kulob ɗin, mutumin da ya zura ƙwallo 4 a gasar cin kofin duniya, 2 a 2014, 2 a 2018. Suna ne mai girma, amma suna ba ya gyara katangar fili, ba ya kuma tsare ƙofa.

'Yan wasa fa, waɗanda ake zagi har iyaye in an ci su? A tuna watan Maris na 2015, sa'ad da 'yan fashi suka tare motar Pillars a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna kan tafiya Owerri, suka buɗe wuta, 'yan wasa biyar suka ji rauni, cikinsu har da Gambo Muhammad. A kan irin waɗannan hanyoyi ake tafiya neman makin da wani ke zubarwa da dutse guda.

Mutanen ƙasar Zuru ba sa bukatar a koya musu yadda ake ɗaukar kaye. Kokawa tsohuwar al'ada ce a wurin Dakarkari, ana yin ta a bikin Uhola a gaban dattawa da mata da yara. In ƙato ya sha ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe jikinsa, danginsa su ji kunya na kwana biyu, 'yan ɗaya ɓangaren su yi ta tsiya, shi kuwa ya koma ya ci tuwo ya gyara ƙafa don baɗi. Abin da ke riƙe da fagen shi ne kowa ya tabbata za a sake haɗuwa. Ran da dangin wanda aka kayar suka fara ɗaukar sanduna, ran nan kokawa ta mutu a garin, gama ba mai sake kawo ɗansa. Karon 'yan gari ɗaya a tamaula ma haka yake. A Masar, Al Ahly da Zamalek sun fi shekara ɗari suna zaune a birni guda, kowace tana wasa wuƙarta da 'yar'uwarta, su biyun kuwa su ne suka fi kowa kofuna a ƙasar. Amma a Masar ɗin dai, a birnin Fort Sa'id, cikin Fabrairu na 2012, rikicin filin wasa ya ci rayuka fiye da 70, aka tsayar da gasar ƙasar, aka yi shekaru ana wasa ba 'yan kallo. Duk hanyoyin biyu a buɗe suke.

Saboda haka zuwan Barau ba musiba ba ce ga Pillars, ko da yake mai goyon baya ba zai so jin haka ba tun ciwon yana ɗanye. Rumfa guda a kasuwa takan yi barci, ta sayar da tsohon kaya da tsada. In aka buɗe wata a gabanta, sai ta fara share ƙofa da sassafe.

Mai goyon baya yana da makamai halal da yawa waɗanda bai taɓa gwadawa sosai ba. Yana da ikon ƙin sayen tikiti har a gyara. Yana da ikon tambayar wakilinsa a Majalisar Dokokin Jiha nawa aka ware wa kulob, nawa aka kashe, a kan me. Ƙungiyar magoya baya tana iya rubuta sunayen mutanenta, ta fitar da masu tsaro daga cikinsu, ta miƙa mai jifa ga hukuma da hannunta, gama a fili kowa ya san kowa, yanzu kuma kowace aljihu da wayar ɗaukar hoto. Ita hukuma ta daina tsayawa ga cin kulob tara, ta kai mutumin da ya ɗaga hannu gaban alƙali da sunansa, domin muddin baitulmali ke biya, shi bai biya kome ba. Malamai kuma da masu shaguna, a Kano ko a Zuru, su riƙa tambayar yaransu in sun dawo daga fili ko gidan kallo, ba nawa-nawa aka tashi kaɗai ba, har da abin da suka yi bayan an tashi.