JIRGIN GORAN-RUWA: WA ZAI TOSHE HUJIN?

Jama'a, kowa ya san abin da ruwa ya ke yi mana. A watan Mayu na 1921 ba mu da labari, amma a watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse a Kwara kusa da Wara ta ƙasar Ngaski da mutum fiye da 150, kaɗan suka tsira. A watan Yuni na 2023 wani ya kife a ƙasar Patigi, fiye da mutum 100 suka halaka suna komowa daga biki. Su wane ne a ciki? Talakawa ne, da mata, da 'yan kasuwa irinku.

A 2025 ministan da ke kula da sufurin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya nemi jihohi su bar jirgin katako su koma na faiba da na alminiyam, watau goran-ruwa. Madalla. Amma muna da tambaya guda: in ya huje, wa zai toshe?

Kada a ruɗe ku, goran-ruwa ma ya kan huje. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashin ruwa, ba su tambayar jirgi da me aka ƙera shi. Jirgin katako in ya tsage, Basarke ya san maganinsa da tsumma da kwalta. Wannan kuwa halinsa dabam. Ya kan narke a zafin digiri 660, amma ɓawon da ke rufe fuskarsa sai ya wuce 2,000. Ba ya yin ja kafin ya narke. Saboda haka mai waldar ƙofa da taga, in ya sa masa wuta yadda ya saba, ƙaramin huji sai ya zama babba. Waldarsa tana bukatar injinta dabam da iskar argon.

Duk da haka gyaran ba tsafi ba ne. A jawo jirgi tudu, a zuba masa ruwa kaɗan, a sa alli inda ya ke ɗiga. In tsagewa ce, a huda ɗan rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba. Sa'an nan a kankare wurin, a yanko faci na goran-ruwa wanda ya fi hujin faɗi, a shafa danƙon da ruwa ba ya ci, a ɗaure da ƙusoshin goran-ruwa a daddale kansu. Kada a kuskura a sa ƙusar baƙin ƙarfe ko ta jan ƙarfe, domin in suka haɗu cikin ruwa goran-ruwan ne zai riƙa cinyewa, wata rana facin ya fita ana tsakiyar kogi.

To, wannan ilmi ina aka koya wa mutanenmu shi? Jirgin da babu mai gyaransa a kwata, ko dai a yar da shi a koma ruɓaɓɓen katako, ko a liƙe shi da leda a ɗebi mutane. Duka biyu makara ce.

Abin da mu ke nema ke nan. Duk gwamnatin da ta sayo jirgi, ta sayo kayan gyaransa tare. A ɗauki samarin Sarkawa, da masu walda, da maƙeran tukunya, a koya musu aikin a Yawuri da sauran manyan kwatoci. Hukumar NIWA ta riƙa duba gindin jirgi, ba takardar kuɗi kaɗai ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, kafin ku ɗora buhu ku dubi ƙasan jirgi. In kun ga yaro yana ta kwalfe ruwa tun ba a tashi ba, ku yi magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya kiyashe mu.