Tsawa Ba Ta Tsare Sito

'Yan'uwa manoma, a shekarar 1975 aka kafa aikin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ya kuwa haɗa da ƙasar Ƙanƙara da Faskari. Aka gina sito-sito a ƙauyuka domin sayar da takin zamani da iri da maganin feshi. Tun lokacin nan makullin sito ya zama abu mai nauyi a ƙasarmu, gama wanda ke riƙe da shi yana riƙe da damanar mutane. Aikin nan ya ƙare tuni, amma ƙungiyoyinmu suna da nasu sito, da littafi, da yaron da ake biya ya lura da su. A kan zaman shugaba da wannan yaro muke so mu yi magana.

Waɗansu shugabanni suna tsammani in yaro yana rawar jiki a gabansu, kaya sun tsira. Mu dai ba mu yarda ba. Ku duba yadda abin ke tafiya. Rufi ya yi yoyo, buhu biyu na Yuriya suka sha danshi suka dunƙule. In yaron ya san zai iya faɗa a saurare shi, da safe zai zo, a toshe rufin, a ɗora sauran buhunan bisa katako. Amma in ya san za a zage shi a gaban jama'a, a ce masa ɓarawo, sai ya tura buhunan can baya ya yi shiru. Ruwa kuwa ba ya fasa zuba domin an yi shiru. Ranar rabo hasara ta ninka, yaron kuma ya riga ya gyara lissafi domin ya rufa wa kansa asiri. Wanda ya fara da tsoro ya koyi ƙarya, hannunsa ya saba.

Akwai wadda ta fi wannan muni, watau sa'ad da shugaban da kansa ya ce, “Rubuta sunan wane,” alhali wanen ba ɗan ƙungiya ba ne, ko ya ce a fitar da buhu uku da dare a kai wa surukinsa. Yaron sau da yawa ɗan ƙanen shugaban ne, ko kuwa shi ya nema masa aikin. Ta yaya zai dubi idon Baba ya ce a'a? Kada mu bar wa yaro wannan kaya shi kaɗai. Ƙungiya ta kafa doka: buhu ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu, a kuma karanta littafin a gaban kowa kowane wata. Sa'an nan yaron zai iya rusunawa ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, sai ma'aji ya zo,” ba tare da ya ci mutuncin kowa ba.

Za a ce mana, in ka sake wa yaro fuska zai raina ka. Akwai masu raini, gaskiya ne. Amma kiran mutum gefe a yi masa faɗa a asirce ba sakin fuska ba ne, ya ma fi tsawa shiga jiki.

Ga kuma halin da ƙasarmu ta shiga. A watan Disamba na 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ƙauyukan Faskari da Sabuwa kuma sun sha hari a shekarun nan. Ma'aikacin da ya makara, ko ya wuni ba magana, mai yiwuwa a cikin dawa ya kwana da iyalinsa. A tambaye shi lafiyar gida tukuna kafin a tambaye shi makulli.

Haka nan ɗan ƙwadago da ya yarda ya bi mu gonar bakin daji, da ransa ya yi ciniki. A yanke kuɗin aiki tun kafin ya ɗaga fartanya, a biya shi a ranar, kada a ce sai an sayar da auduga. In kuɗi ba su samu ba, a gaya masa tun da safe, ya zaɓa ko zai karɓi masara a madadinsu ko zai nemi wata gona.