KARATUN AKU BA YA JINYA

Jama'a, akwai wata al'ada da ta zauna daram a azuzuwan jami'o'inmu har mun daina ganin muninta. Malami ya shigo da tsohuwar takardarsa, ya yi ta shifta awa biyu, ɗalibai na ta rubutu, ran jarrabawa su amayar masa da abinsa. A wasu fannonin asarar kan tsaya a kan takarda. Amma a fannin jinya fa? Nan maganar rai ake yi.

Ni dai ban ga yadda hadda za ta koya wa mutum neman jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse ba. Wanzami ma ba shiftar ƙaho yake yi wa ɗansa ba. Zaunar da shi yake yi, ya gani, ya riƙe, ya gwada, a gyara masa. Haka Florence Nightingale, da ta tashi buɗe makarantar jinya a 1860, cikin asibitin St Thomas na Landan ta kafa ta, kusa da gadon majinyata. A 1969 kuma Jami'ar McMaster ta Kanada ta soma koyar da likitanci ta hanyar miƙa wa ɗalibai matsalar majinyaci, su zauna 'yan kaɗan-kaɗan su binciko, malami yana yi musu jagora. Makarantun jinya da dama sun ɗauki wannan hanya. Mu kuwa a Nijeriya tun 1965 Jami'ar Ibadan ta fara digirin jinya, balle a ce mana rarrafe ake yi.

Ga kuma matsalar harshe, wadda ta fi shafar mu. An karanta cuta da Turanci, majinyaci kuwa da Hausa zai kawo kukansa. Tsohuwa ta ce sanyi ke damun ta. Na gaɓoɓi ne, ko na mara? Dattijo ya ce basir ne, alhali rabin ciwon ciki duk basir yake kiran sa. Wanda bai saba tambaya cikin ladabi da haƙuri ba, yaya zai gane? Wannan ba a haddace shi, sai an yi.

Na san za a ce ɗalibai sun yi yawa, kayan aiki babu. To, nawa ake kashewa in ɗaliba ɗaya ta zama majinyaciya, ɗaya ta zama nas, saura su saurara su yi gyara? Ko sisi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne niyyar sauka daga kan kujera.

Mu ma 'yan Ƙungiyar Hausa kada mu tsaya ga suka. Mu tattara sunayen cututtuka daga bakin jama'a, mu tsara gajerun wasannin kwaikwayo na asibiti, mu kai wa 'yan'uwanmu masu koyon jinya su gwada. Gobe iyayenmu ne za su kwanta a hannunsu, ko kuwa mu da kanmu.

Allah ya ba mu lafiya, amin.