Sharhin Bayan Labarai: Bidiyon 'Yan Ta'adda a Wayoyinmu



Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan ta'adda suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suka kashe wasu fasinjoji, suka yi awon gaba da gommai. A watan Yuli sai ga bidiyo: bayin Allah nan zaune a daji ana zabga musu bulala. Kafin a ce kwabo ya karaɗe WhatsApp da Facebook. To, don wa aka ɗauke shi? Don iyalan da ake son su sayar da gida da gona su kai kuɗin fansa, da kuma gwamnatin da ake son a kunyata. Mai bulala da mai riƙe da waya aiki ɗaya aka ba su. Duk wanda ya tura wa 'yan uwa yana cewa "ku taya mu da addu'a", da zuciya ɗaya ya yi, amma shi ya ƙarasa musu aiken, kyauta.

Dabarar ta daɗe. Da kaset da faifan wa'azi Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, ya ja matasa a Maiduguri. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, magajinsa Abubakar Shekau ya fito a bidiyo yana dariya, wai zai sayar da su, manyan tashoshin duniya kuma suka yi ta nunawa. Mubaya'ar da ya yi wa ƙungiyar IS a Maris 2015 ma saƙon murya ce a intanet. 'Yan Boko Haram ne dai suka tayar da bam a ofishin jaridar ThisDay a 2012: suna son a yaɗa maganarsu, amma yadda suka tsara ta.

Maganin da hukuma ta fi sabawa da shi, katse layin waya. An yi a Borno a 2013, an yi a Zamfara a 2021, ɗan kasuwa da mai jinya suka ɗanɗana kuɗarsu. A 2022 kuma aka ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan biyar kan shirin da ya yi game da 'yan bindiga. A ganina an bar jaki ana dukan taiki, domin ɗan jarida yakan tace, yakan yi tambaya.

Ɗan bindigar yau kuwa ba ya jiran ɗan jarida. Yana nan a TikTok da bindiga a kafaɗa, yana baje damman kuɗi, yaranmu na rige-rigen ajiye masa lambar asusun banki ko za su samu rabo.