Idan Mai Awo Yana Da Hatsi A Kasuwar

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na bakin iyaka, yau za mu yi nisa da ku zuwa Sikotilan, wani yanki na ƙasar Birtaniya mai majalisar dokokinsa a birnin Edinbara. Batun da suka yi rigima a kansa baƙo ne a wurinmu, to amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa kai ƙara gaban sarkin kasuwa: shin wanda aka ba riƙon mudu yana iya zama mai hatsi a cinikin?

Ga yadda abin ya faru. A Birtaniya akwai doka tun 2004 da ta ba mutum damar sauya jinsinsa a takardun hukuma, daga namiji zuwa mace ko daga mace zuwa namiji, muddin ya kai shekara 18, ya kawo shaidar likita, ya kuma yi shekara biyu yana rayuwa a jinsin da yake nema. A 2022 gwamnatin Sikotilan ta kawo ƙudurin sassauta wannan doka: a cire shaidar likita, a rage shekaru zuwa 16, shekara biyun nan kuma ta koma wata uku ga manya. Masu sauya jinsi suka ce tsohon tsarin wulaƙanci ne da jan rai. Wasu ƙungiyoyin mata kuwa suka ce to ina makomar gidan yarin mata, da gidajen da matan da aka ci zarafinsu ke fakewa?

Kowane ɓangare yana da abin da yake tsoron rasawa, saboda haka aka miƙa ƙudurin ga kwamitin daidaito da haƙƙin ɗan Adam na majalisar, mai mutum 7, domin ya saurari kowa. Gaskiya ɗaya ce, kwamitin ya kira masu goyon baya, ya kuma kira masu adawa, har da ƙungiyar mata ta For Women Scotland. Amma tun a 2021 jam'iyyar SNP mai mulki da jam'iyyar masu kare muhalli sun riga sun ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa za su kawo wannan doka, kuma ƴaƴansu ne ke da rinjaye a kwamitin. Da rahoto ya fito a watan Oktoba na 2022, mutum 5 suka amince, 2 suka ƙi. Ba mu ce an yi maguɗi ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya zo ba da shaida alhali ya san an yanka ta tashi, da wuya ya koma gida da yardar cewa an ji shi.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne na Reem Alsalem, jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya mai bin diddigin cin zarafin mata. A watan Nuwamba ta rubuta gargaɗi cewa maza masu mugun nufi za su iya fakewa da sabuwar dokar. Sai ranar 19 ga Disamba kwamitin ya zauna ya saurare ta, tare da wani jami'in na Majalisar Ɗinkin Duniya, Victor Madrigal-Borloz, wanda shi goyon bayan ƙudurin yake yi. Kwana uku bayan nan, ranar 22 ga wata, majalisa ta zartar da shi da ƙuri'a 86 a kan 39. Kowane ɗan kasuwa ya san bambancin a tambaye ka farashi kafin a ɗaure kaya, da a tambaye ka bayan mota ta tayar da inji.

To me gaggawar ta haifar? A watan Janairu na 2023 gwamnatin Landan ta yi amfani da sashe na 35 na dokar da ta kafa majalisar Sikotilan ta tare ƙudurin, karo na farko kenan da aka taɓa yin haka. A wannan watan ne kuma aka fara kai Isla Bryson, wanda kotu ta samu da laifin yi wa mata biyu fyaɗe kafin ya sauya jinsi, gidan yarin mata na Cornton Vale, sai da aka yi ca sannan aka mayar da shi na maza. Ba sabuwar dokar ce ta kai shi can ba, don ba ta fara aiki ba, amma irin tambayar da matan nan suka yi ta yi kenan. A Disamba 2023 kotu ta ce Landan tana da ikon yin abin da ta yi. Masu sauya jinsin da aka ce don su ake yi, bayan shekaru ana neman ra'ayin jama'a tun 2017, sun tashi hannu rabbana.

Kada a ɗauka ɓangare ɗaya ne kawai ke kukan rashin saurare. Ranar 16 ga Afrilu 2025, a wata shari'a daban da For Women Scotland ta shigar, alƙalai 5 na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yanke baki ɗaya cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace, tare da jaddada cewa dokar tana ci gaba da kare masu sauya jinsi daga wariya. Kotun ta saurari ƙungiyoyi irin su Amnesty, amma ta ƙi buƙatar wasu masu sauya jinsi biyu, ciki har da tsohuwar alƙaliya Victoria McCloud, na su shiga a ji ta bakinsu. Su ma yanzu suna cewa an yi musu aski ba sa nan. Ko mutum ya yarda da hukuncin, wannan ƙorafi ba na zubarwa ba ne.

Sai kuma abin da ya biyo baya a kwamitin nan dai. Mataimakiyar shugabarsa a lokacin, Maggie Chapman, ta tsaya gaban masu zanga-zanga a birnin Abadin ta zargi kotun da ƙiyayya da son zuciya. A matsayinta na ƴar siyasa tana da bakin magana, ba mu hana ta ba. Amma a lokacin ita ce za ta zauna a kujerar sauraron matan da suka ci wannan shari'a. Aka kawo buƙatar a cire ta daga kwamitin, buƙatar ta faɗi da ƙuri'a 4 a kan 3, kuma ɗaya daga cikin huɗun nan ƙuri'arta ce da kanta.

Majalisa ba kotu ba ce, mun sani, kuma ba a zaɓen ɗan majalisa don ya zama marar ra'ayi. Shi ya sa abin da muke ganin ya kamata ba mai yawa ba ne: a raba lokacin magana daidai, a saurari mai adawa tun ƙudurin yana ɗanye ana iya gyara shi, kuma duk wanda ake ƙara a kansa ya ajiye ƙuri'arsa a ranar. A kasuwar Dan Isa ko ta Birnin Ƙonni, dillalin da aka kai ƙararsa ba ya zama cikin dattawan da za su raba gardamar, ko da kuwa shi ne mai gaskiya.